Wandon Robar Bature da Man Shanuna

Shekarar da aka kai ni ɗaki, Turawa na nan da ƙarfinsu. Akwai wani da yakan zo daga Haɗeja duk lokacin sanyi ya harbi agwagwar ruwa a fadamar garin Baturiya, maigidana ne ke tuƙa shi a kwalekwale. Maigidan nawa masunci ne ɗan masunta. Ni kuwa 'yar masu shanu ce, ruwan da na sani bai wuce na rijiya ba.

Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wandonsa na shiga ruwa. Wando dai na ce, amma tun daga tafin ƙafa har ƙirji yake, na roba, baƙi wuluk, da takalmi a haɗe da igiyoyin ratayawa a kafaɗa. In ka sa shi, ko ɗigo ba ya taɓa ka. Ranar da maigida ya shigo gida a cikinsa, yana tafiya kamar kwaɗo ya miƙe tsaye, sai da na riƙe ciki don dariya. Shi ko a jikinsa. Sauran masunta sai rana ta ɗaga suke iya taka ruwan, shi kuwa tun da sassafe ya riga kowa, ya dawo da tarwaɗa cike da kwando.

Ni aka ɗora wa kula da wandon. Ya ce, "Kukun Bature ya ce a ɗauraye da ruwa zalla, a shanya a inuwa, a barbaɗa masa hoda a ciki. Kada mai ya taɓa shi, kada ya sha rana."

Na ce, "Hoda? Malam, fuskata ba ta samu hoda ba, sai wando?"

A gidanmu duk abin da ake so ya daɗe mai ake ba shi: guga, salka, takalmi. Na ce a raina me Bature ya sani a kan fata, mutumin da tasa ma rana ke ɗaye masa ita? Da damina ta zo aka rataye wandon, duk ranar da maigida ya tafi gona sai in sauko da shi, in lafta masa man shanu, mai kyaun ma, in baza shi a kan danga ya sha rana. Ya yi ta ƙyalli. Maigida ya duba ya ce, "Kin ga aikin Turawa, ko tsufa ba ya yi." Na yi murmushi na ce lallai kam. Da ya fara danƙo a gwiwa, sai na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara masa mai.

Sanyi ya dawo. Safiyar farko na kai masa kunu bakin ruwa, shi da ƙaninsa suna cikin kwalekwale. Tarunsu ya maƙale a ciyawa, maigida ya sauka, ruwa iya ƙirji, yana yi wa ƙanin nasa tsiya wai ya zauna a jirgi kada ya jiƙe. Ya ɗaga ƙafa ke nan robar ta yage tun daga gwiwa har cinya. Ruwa ya cika wandon. Na ga ya buɗe baki, numfashi ya ƙi fita. Ya kama gefen kwalekwalen, ƙafafun sun ƙi ɗaguwa, yatsunsa sun sandare ya kasa kwance igiyar kafaɗa. Wayyo Allah! Ina tsaye da ƙwaryar kunu, ina kallon mijina yana nutsewa, ni kaɗai a bakin ruwan nan na san dalili.

Sai da ƙaninsa ya yanke igiyoyin da wuƙa, mutum uku suka zare shi daga ciki. Leɓensa ya yi shuɗi, maganarsa ba ta fita. Samari suka ja shi za su manna shi da wuta, wani tsohon masunci ya daka musu tsawa. Ya ce a fara cire masa jiƙaƙƙiyar riga, a lulluɓe shi har kai, a bar shi nesa kaɗan da wutar, kunu kuma sai ya iya haɗiya da kansa. Na cire mayafina na naɗe shi, na rungume shi a gaban maza. Kunya ba ta zo mini ba ranar.

Ya rayu, amma sanyin ya zauna masa a ƙirji. Bai ƙara shiga ruwa ba. Mutumin da ke riga kowa fita ya koma zaure yana gyaran tarun wasu, yana tari. Duk sa'ad da tarin ya sarƙe shi sai ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Baturen nan, ya ba ni ruɓaɓɓen wando."

Ni kuwa in ce amin. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa masa, tsoro ya hana ni, don ina son sa kuma ban san da wane ido zai kalle ni ba. Har ya rasu amin ɗin nake cewa.