Ranar da Kwamfutarmu Ta Dawo daga Shagari

A shekarun tsuke bakin aljihu, bayan sojoji sun kori farar hula, ina aikin buga tafireta a wani ofishin taimakon manoma a Bodinga. Rage ma'aikata ake yi ba ji ba gani, kowa ya shigo da safe sai ya fara karanta fuskar manaja kafin ya gaishe shi. Abu ɗaya muke taƙama da shi, kwamfuta. Wasu Turawa masu aikin fadama suka bar mana ita. Ranar da injiniya ya zo daga Kaduna ya haɗa ta, ni na riƙe masa kusoshi, ina leƙe ta kafaɗarsa har ya gaji da ni.

Sai ofishinmu na garin Shagari suka aiko aronta, za su buga sunayen manoman da za a raba wa iri. Na ce kada a bayar. Manaja ya ce, "Mutanen Shagari na hwa. Da wane ido za ni dube su in na hana?"

Baba direba ne ya kai ta, dattijon da saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Bayan mako ya ɗauko ta a kujerar gaba, naɗe cikin bargo kamar jinjiri. Na jona wayoyi na kunna. Fanka ta ɗauka, koriyar fitila ta kama, amma gilashin baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa. Ko ɗigo.

Manaja bai tsaya bincike ba. Ya ce Baba ne ya kashe ta da gudu a kan ramuka. Baba ya durƙusa ya ce, "Allah shi huci zuciyakka, rankai shi daɗe," bai ƙara ko kalma ba. Aka ce in buga takardar sallamarsa, manaja zai sa hannu ranar Alhamis. Kora ce, ba fansho, bayan mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyari. Na buga ta raina a ɓace, kuma haushin Baba ma nake ji, don na tsani mutum ya yi shiru ana cutarsa.

Ranar Laraba bayan azahar manaja ya tafi Danchadi a motarsa duba lambuna. Na turo ƙofa, na tasa kwamfuta a gaba. Na fara da abin da hankalina ya kai. Na murza ɗan abin ƙara haske da ke ƙasan gilashin har ƙarshe. Na zare wayar da ta haɗa gilashin da akwatin, na duba 'yan alluran bakinta ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta lanƙwashe. Na sake soket. Na sa aka tayar da janareto, ko wutar gari ce ba ta da ƙarfi. Duk a banza.

Na zagaya bayan akwatin na kara kunne, ko zan ji wani abu ya sauya a kukanta. Ban ji komai ba, amma iskar fankar ta bugi hancina. Mahaifina tela ne a kasuwar Bodinga, a cikin wannan ƙamshin na girma. Man keken ɗinki ne.

Na leƙa waje na kira Baba. Na ce, "Baba, don girman Allah, wa ya sa ma na'urag ga mai?"

Ya ce mai kula da sito na Shagari ne, tsohon tela. Wai shi a saninsa ba a mayar da keken aro ba a yi masa sabis ba, abin kunya ne. Shi ne ya buɗe kwamfutar, ya goge ko'ina tas, ya ɗiga mata mai, yana ta murna.

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Malam, shi ma tsoho na, ga ɗiya cike da gida. In na hwaɗi, shi za a kora. Kuma alheri yay yi nuhi."

Wallahi na rasa abin da zan yi masa, faɗa ko kuka. Na ce ya ɗauko mini sukudireba a mota.

An hana kowa buɗe akwatin, amma na yi bisimilla na kwance kusoshin. Ciki fes, tsohon telan ya iya aiki. Fanka na ƙyallin mai. Na bi inda wayar gilashi ke shiga, na tarar da wani ɗan allo kore mai haƙora kamar na zinariya. Na tuna injiniya ya danna shi da manyan yatsunsa biyu har sai da ya yi ƙara. Yanzu gefe ɗaya a zaune, ɗaya a ɗage. Ashe tsohon ya zaro shi ya goge, da zai mayar sai ya lallaɓa shi don kada ya karye. Na cire shi, na share maiƙon haƙoran da bakin rigata, na bi su da magogin tafireta, na saita na danna. Ƙas!

Na ce wa Baba, "Yi addu'a." Na kunna. Fanka ta ɗauka. Gilashin na nan baƙi. Sai ta yi ƙit, korayen haruffa suka fara jeruwa a gilashin.

Ihun da na yi sai da masu sayar da albasa a bakin titi suka waiwayo. Ban taɓa jin daɗin kaina irin na ranar ba, ko ranar da aka ɗauke ni aiki.

Da la'asar manaja ya dawo ya same ni ina aiki a kanta, na ɗaure fuska kamar ba ni ba. Ya ce, "Wa ya ba ka iznin buɗe ta?" Na ce babu. Na ce wani abu ne ya ɗage a ciki, kuma ba hanya ce ta ɗaga shi ba. Ya nemi ƙarin bayani, na ce iyakar sanina ke nan. Ya kalli gilashin, ya kalle ni, ya ce, "Yage takardag ga ta Baba."

Na fita in yi wa Baba albishir, na same shi a bayan ofis da wani buhu a hannu. Ashe tun ranar Litinin ya kwashe kayansa daga motar, buta da darduma da ɗan kwanon shan fura, ya ɓoye a nan, don bai faɗa wa iyalinsa komai ba. Na faɗa masa. Sai hawaye. Ya buɗe motar ya shiga mayar da kayan, kowanne a inda yake.