Malam Zailani da Eriyar da Ta Kai Gonakin Bayan Dutse

Bakwai ta safe ba ta cika sai Malam Zailani ya jingine kekensa a jikin shagonsa da ke bakin tashar Faskari. Zai yayyafa ruwa a ƙofa, ya share, ya fito da benci, sannan ya jona ƙarfen liƙi a wuta. Kafin mai koko ta gama sauke kayanta, warin dalma ya fara tashi. Daga nan har azahar kansa a sunkuye yake, yana fama da rediyon da ta daina kama tasha, ko lasifikar masallaci mai shaƙewa, ko wayar da ta faɗa ruwa. Ranar kasuwar Yankara sai ya ɗauki akwatinsa ya bi motar 'yan kasuwa. Mutanen Ƙanƙara da Sabuwa kuwa direbobi suke ba kayansu, a ƙulle cikin leda, da sunan mai shi a 'yar takarda.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan zama. Yanzu idanu sun gaji, likita ya ce ya huta da kallon ƙananan wayoyi, shi ya sa ya dace a yaba masa yana raye, yana ji da kunnensa.

Duk wanda ya taɓa kai masa gyara ya san halinsa ɗaya: ba ya rufe gaskiya. In abu ya mutu zai miƙo maka shi ya ce, "Wannan ta riga mu gidan gaskiya, kada wani ya ruɗe ka." In kuwa da sauran numfashi, to ba ya barinta sai ta yi magana. Amma aikin da manoman yankin suka fi riƙewa a zuciya, daminar bara waccan aka yi shi.

Akwai gonaki a bayan wani dutse, ta wajen hanyar Daudawa, masu ƙasa baƙa wadda masara ke so. Shekara uku masu su ba su taka can ba saboda rashin tsaro. Mutum ba ya sanin abin da zai iske sai ya je, wasu kuma sun je ba su dawo ba. Da ƙungiyar manoma ta samu ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara, da izinin hukuma, sai aka yi murna. Nufinsu shi ne kowace safiya a tura shi ya dubo hanya, in lafiya sannan a fita. Khairiyya, malamar gona da ke aiki da su, ita ta koyi tuƙa shi. Sai dai da ya yi kilomita ɗaya da rabi hoton zai daskare, jirgin ya juyo gida da kansa. Gonakin kuwa sun kusa kilomita huɗu.

Ranar wata Talata Khairiyya ta zo shagon tare da Alhaji Sha'ibu, shugaban ƙungiyar. Ta gaishe shi, ta ajiye ramut ɗin jirgin a kan tebur.

"Baba, jirgin lahiya lau yake. In ya yi nisa ne ba ya jin kira."

Malam Zailani ya juya abin a hannunsa, ya daɗe yana duban 'yan eriyoyi biyu da ke kansa. Bai taɓa riƙe irinsa ba.

"Alhaji, hukuma ta san da shi?"

Alhaji Sha'ibu ya zaro takarda daga aljihu. Malam ya karanta ta daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "To, ɗiyata, wannan ai rediyo ce, fukafukai kawai aka yi mata. Eriyar nan kamar aci-balbal take, ko'ina take watsa haskenta, har bayanki inda ba ki da buƙata. Mu tocila muke so, wadda za ta tattara shi wuri guda. Ku ba ni kwana uku."

Ya samo wayar jan ƙarfe mai kauri, ya yayyanka ta gajeru gajeru, ya jera su a kan siririyar roba kamar haƙoran matsefi. Ya lanƙwasa fallen alminiyan ya kafa a bayansu, don ya riƙa maido da sigina gaba. Ranar gwaji mutane suka taru a filin makaranta. Jirgi ya tashi, ya miƙe, bai ko kai inda ya saba kaiwa ba ya juyo. Wani daga baya ya ce, "Tsoho da kayan zamani!" Aka yi dariya.

Malam Zailani ya karɓi ramut ɗin. Ya cire abin da ya haɗa, ya ce wa Alhaji Sha'ibu a gaban kowa, "Kuskurena ne. Da idon eriyar talabijin na auna."

Ya koma shago ya sa tabarau, ya karanta lambobin da ke rubuce a bayan ramut, ya sake lissafi da fensir a kan kwali. Tun zamanin gyaran rediyo mai gajeren zango ya san cewa gwargwadon gajartar zango, gwargwadon gajartar eriya. Sandunan da ya yanka sun wuce ƙa'ida da abin da bai fi faɗin ƙwayar dawa biyu ba, wannan ɗan ƙarin ne ya ɓata aikin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari, yana gogawa yana aunawa, har suka zo daidai.

A gwaji na biyu ya hana a tara jama'a. Ya kuma ƙi filin makaranta.

"Babu eriyar da ke huda dutse," in ji shi. "Mu hau bisa, inda za ta riƙa ganin jirgin."

Su uku suka hau wani tudu a bayan gari, da hantsi, shi yana tafe yana hutawa. Ya tsaya a bayan Khairiyya yana cewa, "Huskanci inda ya tahi. Kada ki karkace. Kuma in batir ya kusa rabi, ki juyo da shi, ko mi kike kallo." Lambar nisa ta wuce biyu, ta wuce uku, hoton bai daskare ba. Can sai ga bayan dutsen ya buɗe a kan gilashin wayar da ke manne da ramut ɗin, fili kore shar, ciyawa ta cinye kunyoyin gonaki.

Alhaji Sha'ibu ya matso ya kare rana da hularsa. Ya ɗora yatsa a kan wata tsamiya da ta bayyana.

"Iyakarmu ke nan. Mahaihina ya dasa ta." Ya juya musu baya yana share ido da bakin rigarsa.

Tun daga makon aka koma noma. Kullum bayan gari ya waye sai Khairiyya ta hau tudun ta tura jirgin, manoma na jira a ƙasa da fartanya da baburansu, in lafiya sai ta ɗaga hannu su kama hanya. Sau ɗaya, cikin watan takwas, ba ta ɗaga ba. Ta hango babura a ɓoye ƙarƙashin itatuwan bakin rafi, ta kira jami'an tsaro, kowa ya koma gida. Mutum ashirin da bakwai ne suka shirya fita a safiyar. A cikinsu har da Lauratu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar da 'ya'ya biyar. Ita ce da kaka ta aiko wa Malam Zailani damin dawa, ya ce a mayar mata, marayu sun fi shi buƙata. Ta sake aikowa da saƙon cewa in ya ƙi, ta yi fushi. Sai ya karɓa.

Malam Zailani, kai ne mai kunnen da ke jin ciwon ƙarfe. Kai ne ka amsa kuskurenka a bainar jama'a, ka koma ka gyara. Kai ne wasu baƙi biyu suka zo wa da irin wannan ramut, ba takarda, ba wanda ya san su, ka miƙa musu kayansu ka ce ba ka iya ba, alhali duk tasha ta san ka iya. Ba ka ɓoye awon ba kuma. Ka zaunar da masu gyara uku da ka yarda da amanarsu, daga Ƙanƙara da Sabuwa da nan Faskari, ka koya musu har hannunsu ya faɗa.

Da aka gaya masa za a rubuta wannan, sai ya yi murmushi ya ce, "Mi na yi? In dai za a rubuta, a rubuta cewa kada kowa ya kunna ramut ya cire masa eriya, ƙonewa yake yi." To, Malam, ga shi an rubuta.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa idanunka haske, Ya sa hutun ya zo da lafiya. Masu sana'ar hannu kuma, ga abin koyi: ku san aikinku har gindinsa, ku faɗi gaskiya ko da za a yi muku dariya, ku san wanda kuke yi wa aiki. Sauranmu da muke cin tuwon masarar bayan dutse, in mun bi ta tashar Faskari, mu tsaya mu gaishe shi hannu biyu.