Keken Nowaga Mai Huji Tamanin

Duk wanda ke fitowa da sassafe a garin Kudugu ya san Nowaga Bonkungu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai kwandon burodi a bayan keke, wanda in ka gaishe shi sai dai amsar ta isko ka daga can gaba. Shekara ashirin da ɗaya yana rarraba burodi, sha tara daga ciki kuma yana tseren keke ranar Lahadi da kulob ɗin garin. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya shiga gaba ya tsaga iska, waɗanda ake ji da su su laɓe a bayansa, in an kusa layi su fice su bar shi. Ana ɗaga hannun wani, shi yana gefe yana haki, kuma wallahi murna yake yi har cikin ransa.

Shekarar da ya cika talatin da tara ne koci Baziye ya tara 'yan kulob a gindin mangwaro ya ce mutum shida kawai za a kai gasar ƙasa a Bobo. Lahadi ta uku a watan Oktoba za a yi tsere zuwa garin Sabu sau biyu, zuwa da dawowa, shidan farko su ne za su tafi. Baziyen nan a bayan Nowaga ya koyi tsere, shi ya sa da aka watse ya ja shi gefe, idonsa a ƙasa.

"Yaya, bana ba zan iya saka ka don kunya ba. Kekunan samarin nan kamar takarda suke, naka kuwa ƙofar gareji ce."

"Wa ya ce ka ji kunyata?" in ji Nowaga. "Ka bar ni da titi."

Shekara goma sha ɗaya a jere ba a taɓa tafiya an bar shi ba. Abin ya yi masa ciwo, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Keken tseren nasa gwanjo ne, ya girmi rabin 'yan kulob, sabo kuwa ba a ma maganarsa. Sai ya tura shi bayan kasuwa wurin Drabo mai gyara. Drabo ɗan ƙabilar Samo ne, Nowaga ɗan Mosi, ƙabilun biyu kuwa abokan wasa ne, ba a gaisawa sai da zagi.

"Ga bawana ya kawo jakinsa," in ji Drabo. "Me za a yi masa, aski?"

"Kai da aka sayo kakanka da ƙwarya ɗaya ta zomkom, ruwan garin gero kawai? Tashi ka yi wa ubangidanka aiki."

Bakin Drabo ba linzami, amma hannunsa ba na biyu a garin. Ya fara da boris ɗin ƙafafu, waɗanda suka cinye har suna gurnani. Bayan mako biyu aka sa sabuwar sarƙa da siraran tayoyi. Da kayan gwanjo suka sauka daga Wagadugu ya tsinto masa rim marasa nauyi, da farantin sarƙa mai haƙori hamsin da uku, da wani siririn sirdi da Nowaga ya yi wata huɗu yana jira. Keke ya dawo kamar ba shi ba. Drabo ya goge hannu ya ce an gama, sauran aikin na cinya ne.

Ina, ai Nowaga ya riga ya kamu da ciwon sikeli. Ya rataya keken a sikelin masu sayar da dawa, kilo goma da 'yan kai. Na samarin kilo takwas. Sai ya aro injin huda ƙarfe wurin mai walda, ya zauna a tsakar gida ya hau keke da huji. Ya huda faranti, ya huda hannun birki, ya huda mariƙin gora, daga ƙarshe ya cire sandar da ke riƙe da sirdi ya jera mata huji goma sha biyu. Huji tamanin cif. Matarsa Poko ta leƙa ta ce, "Maigida, in ka gama ka ba ni aro, rariyata ta yage."

Da aka koma sikeli, giram ɗari da sittin suka ragu. Ko nauyin burodi ɗaya bai kai ba. Kuma a ina? A ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai, inda ba tudun da zai sa tsohuwa haki.

Da Drabo ya gani bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya sandar a hannu.

"Nowaga, ban da wasa. Masu hawan dutse ne nauyi ke damu. Nan iska ce ke cin mutum. Sandar nan kuma ita ke ɗauke da kai gaba ɗaya. Kawo in canza ta."

"Hassada ce irin ta Samo," in ji Nowaga, ya karɓe abinsa.

Ranar Lahadin mutum goma sha huɗu suka tashi. Nowaga ya ji ƙafarsa yadda ya daɗe bai ji ba. Suka je Sabu suka dawo, suka sake komawa, ana ta zubar da mutane a hanya, shi yana nan. Saura kilomita goma sha huɗu, su takwas ne a gaba, ya duba fuskokinsu ya ga biyu sun gama yawo. Lissafi ya fita ke nan.

A bakin wani ƙauye suka hau tudun rage gudu. Ya ji ƙas a ƙarƙashinsa, sandar ta karye, sirdi ya yi tsalle ya faɗa kan kwalta.

To, a nan ne Nowaga ya yi abin da har yau ake gardama a kansa. Ya kama birki, ya juya, ya koma ya ɗauki sirdin. Ba shawara ya yi da zuciyarsa ba, hannu ne ya yi aikinsa. Mutumin da tun yana ƙarami ko ƙusa ya gani a hanya sai ya tsinta, ta yaya zai wuce sirdi? Ya cusa shi a bayan riga, ya ɗago, sauran sun zama 'yan ɗigo a can nesa.

Guntun sandar ya tsaya da kaifi kamar bakin gwangwani, ba halin zama. Sai ya miƙe a kan feda ya taka. Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san minti biyu a tsaye ma aiki ne. Nowaga ya yi kilomita goma sha huɗu. Cinyoyinsa suka ɗauki wuta, hannuwansa suka mutu, iska ta samu ƙirji a buɗe tana duka. Ya cim ma ɗaya daga cikin gajiyayyun ya wuce shi. Da suka shigo gari ya hango na shida yana waiwaye, bakinsa a buɗe. Masu shaguna suka fito suna kiran sunansa, abin da ba a taɓa yi ba. Ya matso, ya ƙara matsowa, har yana jin ƙarar sarƙar mutumin.

Tsawon keke ɗaya ya rage aka tsallake layi. Nowaga ne na bakwai.

Bai iya sauka da kansa ba, Drabo ne ya rungumo shi ya zaunar a ƙasa. Baziye ya zo da takarda a hannu, ya ga sirdi na leƙowa daga rigar, ya dafe kai.

"Yaya, da ba ka koma ɗaukar wannan ba, da kai ne na huɗu ma."

"Na sani."

"Shida na ce a gaban kowa. Ba yadda zan yi."

"Ban roƙe ka ba."

Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba, bai kuma share ba. Baƙin ciki ne na mutumin da ya san ba wanda ya kayar da shi sai hannunsa. Ya jira numfashinsa ya dawo, sannan ya ɗaga kai ya dubi kocin.

"Yaushe za a sake zaɓe?"

"Sai baɗi. Lokacin kana da arba'in fa, Yaya."

"Ai da biro a hannunka. Rubuta sunana tun yanzu."

Baziye ya juya bayan takardar, ya ɗora ta a kan gwiwa, ya rubuta.