Ƙulli Uku na Malam Haladu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tayar da babur zan tafi makaranta aka bugo mini waya daga Kademi, wai Malam Haladu ya rasu.

Na kashe babur ɗin na zauna a dakali.

Duk wanda ya yi firamare a Gafasa ya san shi, malamin sikawut ɗinmu, mai usur a wuya. Ni ma an san ni. Barkono ake ce mini, kuma wallahi na ci sunana. Kafin in shiga aji huɗu babu yaron da ban gwada ƙashi da shi ba, har hedimasta ya kira Baffana ya ce in na ƙara faɗa ɗaya, kora ce. Baffa ko a jikinsa. Ya ce dama shanu na neman mai binsu.

Ni kuwa ina son makaranta, zuciya ce kawai ta fi ƙarfina.

Malam ya sa ni a sikawut, ya miƙo mini 'yar guntuwar igiya.

"Nasiru, ban hana ka faɗa ba," in ji shi. "Amma kafin ka ɗaga hannu, yi ƙulli uku irin wanda na koya muku. In ka gama kana so, je ka dake shi."

Ashe wayo ya yi mini! Ƙullin nan ba ya yiwuwa da gaggawa, in hannu na rawa warwarewa yake. Kafin ka kai na uku ka huce.

Ranar da aka kai mu fareti Gaya, muna kan layi, wani yaron cikin gari ya ture mini hula ƙasa, ya ce 'yan ƙauye an zo ganin kwalta. Hedimasta na tsaye yana kallo. Idona ya rufe. Na zaro igiya. Ɗaya. Biyu. Ina na uku Malam ya busa usur, na sunkuya na ɗauki hulata, muka taka.

Mu muka zo na ɗaya, jama'a! 'Yan ƙauyen! Malam ya ɗaga ni sama kamar buhun gyaɗa, ga shi dama ba jiki gare shi ba.

Ba a kore ni ba. Yau ni ke koyarwa a ajin da aka so fitar da ni, kuma kowane ɗan sikawut ɗina da igiyarsa a aljihu.

Bayan sallar da ta wuce na je duba shi. Ya rame sosai, amma tsokanar tana nan.

"Barkono, ƙulli nawa kake yi yanzu?"

Na ce, "Ɗaya ya ishe ni, Malam."

Ya yi dariya har da tari. "To, ka gama makaranta."

Ɗazu a kan dakalin nan na zaro igiyar, na yi ƙulli uku cif, hawaye bai tsaya ba. Wannan kam ba ka koya mana maganinsa ba, Malam.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk marin da ka hana a yi ya zame maka lada. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa Malam Haladu a addu'a.