Shafin Farko na Littafin Yaya Bukar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Bukar, malamin firamare a Gashuwa. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara in na ɗauki alƙalami zan tuna shi a wannan fili, yabo nake jerowa. Bana kam ba yabo na zo da shi ba, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Yaya ya shafe shekaru yana bin masunta bakin kogi, daga Gashuwa har Nguru, yana rubuta labaransu a littattafan 'yan makaranta guda shida. Ba ya rubuta kalma sai ya tambayi mai labarin sunansa da garinsu. Da ciwo ya yi nauyi ya damƙa mini su, ya ce, "Ka kai Kano a buga. Amma shafin farko na masu labarin ne, na yi musu alkawari."

Na kai. Mai maɗaba'a ya faɗa mini tsadar takarda, na dawo na ce sai ta sauko. Har yau ba ta sauko ba. Rumfunan da muke sayen littattafai a kasuwar Nguru ma yanzu caja da murfin waya suke sayarwa. Sai na bi zamani: na kwashe rubutun na zuba a waya, ina sakewa kashi-kashi a zaurukan masu karatu. Wannan ba laifi ba ne, marubuta da yawa da haka suke ci. Laifina shi ne shafin farko. Aka ce mini mutanen waya ba su da haƙurin jerin sunaye, na cire shi. Da na ga ba wanda ya tanka, na cire na Yaya ma, na liƙa wani laƙabi da na ƙirƙiro wa kaina.

Watan jiya na shiga layin masu banda a Nguru. Wata dattijuwa, Ya Falmata, ta gane ni. Mahaifinta na cikin waɗanda Yaya ya zauna da su. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗana, kun kuwa sani? Wani marar tsoron Allah ya sace littafin yayanku. Na ji ana karanta labarin Babanmu a waya, ranar da kwalekwalensa ya kife, ba sunansa, ba na Malam." Ta ƙara mini kifi biyu gyara, wai don albarkacin Yaya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na karɓa, na yi gaba.

Ina tambayar kaina, da Yaya na raye me zai ce da wannan zamani? Na san shi, waya ba za ta dame shi ba. Daɗi zai ji labarin masunta ya kai inda jirgin ƙasa bai taɓa kaiwa ba. Sunayen kawai zai nema. Alkawari kaya ne, shi ya ɗauka har bakin kabarinsa, ni na sauke a hanya.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, amana ya bari. Ya Falmata, ɓarawon nan ni ne. Littafin na Malam Bukar ne, kuma ga layin farko na shafinsa na farko, yadda ya rubuta shi:

Modu Sarkin Ruwa, masunci, Nguru.