Jan Ɗigon da ke Jikin Idon Kyamarar Baba

Kwana uku aka ba mu kafin a sare darbejiyar ƙofar gidanmu a unguwar Lamisula, wai magudanar ruwa za ta bi ta wurin. Baba ne ya dasa ta shekarar da ya auri Mama, ya kuma rasu ko furfura ɗaya bai yi ba. Mama ba ta yi musu da kowa ba. Abu ɗaya ta roƙa, a ɗaukar mata hoton bishiyar.

Yayana ya zaro waya ya ƙyasta sau goma, ya ce an gama. Ni kuwa na ce ban yarda ba. Bishiyar da ta yi mana inuwa tun muna rarrafe ba za a sallame ta kamar hoton katin shaida ba.

Ina da wata kyamara da na sa aka cire mata matatar ciki, don ta riƙa kama hasken da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infirared. A irin wannan hoto ɗanyen ganye fari fat yake fitowa, sama kuma ta yi baƙi. Na ɗaura mata tsohon idon kyamarar Baba, na ƙarfe mai nauyi, wanda da hannu ake murza shi. Wannan aiki kuma sai rana ta take tsaka, lokacin da duk mai hankali a Maiduguri yake neman inuwa. Na tsaya a tsakiyar titi gumi na shiga mini ido, masu keke napep suna yi mini kallon wadda ta zautu.

Hotunan ranar farko duk suka fito dishi-dishi. Na rana ta biyu ma haka. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in kai tarkacen Baba wa 'yan gwangwan. Raina ya ɓaci sosai, kuma tsoro ya kama ni, don saura yini ɗaya.

Da la'asar na zauna ina jujjuya idon a hannu, ina hararar sa. Sai na lura da wani ɗan jan ɗigo kusa da layin saiti, wanda na daɗe ina ɗauka tsatsa ce. Na bincika. Ashe hasken infirared ba ya taruwa inda na gani da ido yake taruwa. Sai ka saita yadda ka ga ya yi daidai, sannan ka murza kaɗan zuwa kan ɗigon, ko da idonka na ce maka ka ɓata. Ni da nake taƙama da ganina, shi ne ya yi ta yaudarata.

Ranar ƙarshe masu sara suka iso da injinsu kafin azahar. Na tsaya a gindin bishiyar na ce babu mai taɓa ta sai rana ta daidaita. Suka yi ta faɗa, na yi kunnen uwar shegu. Da lokaci ya yi na ja da baya, na saita, na murza zuwa ɗigon, na ɗauka sau ɗaya.

Da na wanko hoton, kowane ganye ya fito tar, fari sol. Yaya ya ce ƙarya ce, darbejiya ba fara ba ce. Na ce ya je ya rataye na wayarsa.

Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa saman bishiyar da yatsa.

"Ku bar min shi," in ji ta. "Da babanku ya kai yau, haka kansa zai yi."