Carbin Bello da Faifai Biyu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai aminina Bello makwancinsa a Argungu. Har yau in wayata ta tsaya tana juyi ba ta buɗe abu ba, shi nake tunawa.

Jihar Kebbi na sabuwa muka yi aiki ofis ɗaya a Birnin Kebbi, shi ke kula da babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin gonakin fadama. Wata rana faifan ajiyarta ya soma ƙwanƙwasa, alamar ya kusa mutuwa. A waje kuwa manoman Zauro ne zaune gida biyu, suna rigima kan iyakar gonar shinkafa, kowa da sandarsa. In fayilolin suka salwanta, ba mai raba su sai asibiti.

Ba wuta, man janareto kuma ba zai wuce la'asar ba. Tsofaffin faifai biyu muke da su, gadonmu daga tsohuwar Jihar Sakkwato, baƙi da fari. Dole a gano wanda ya fi sauri a kwashe komai cikinsa kafin mai ya ƙare. Agogon bango ya daɗe da tsayawa, sai Bello ya ciro carbi. Ya tura fayil ɗaya cikin baƙin yana jan tasbihi, ya riƙe inda ya tsaya.

Yana fara gwada farin sai ga shugaban ofis ya tsaya masa a ka yana huci. Carbi ya yi ta gudu, har ya zarce na farko. Bello ya ce farin ya cika nawa, ya miƙa hannu ga baƙin. Ni kuwa na ji yadda harshensa ke tuntuɓe don saurin tasbihi.

Na ce, "Bello, ba hwaihwan ga kaka awo ba, tsoronka kaka awo."

Ya dube ni, ya dubi shugaba. Mutumin da ko tari ba ya yi gaban manya ya ce, "Ranka shi daɗe, don Allah hita waje." Na ɗauka aikinsa ya ƙare. Shugaba ya fita yana harara. Bello ya sake gwaji a natse, ashe farin ne mai sauri. Janareto na shaƙewa fayil na ƙarshe na shiga, aka shaida wa manoma iyakar kowa na nan a rubuce, suka koma gida da sandunansu a kafaɗa.

Yau jikokinsa na tura hoto Legas kafin ƙiftawar ido, su kuma yi tsaki wai ya daɗe. Na san da Bello na nan dariya zai yi, ya tambaye su yaushe suke samun sararin tasbihi. Faifan nan biyu sun bi bola tuntuni, ba kuma wanda ya san sunan Bello a ofishin.

Carbin yana hannuna, iyalinsa suka ba ni. Ina kewarsa ƙwarai. Duk ranar da na ji yatsuna na gudu a kansa, sai in tsaya in tambayi kaina wa ya tsaya mini a ka. Allah Ya jiƙan Bello.